Ƙwai Uku a Saman Benen Ulayya

Wanda ya yi mini biza a Kano ya ce ban-ruwan furanni zan yi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Unguwar nan sau ɗaya na gan ta, ta tagar mota, bayan na shekara huɗu a Riyad. Ranar da na sauka, kafilina, wato Balaraben da sunana ke ƙarƙashinsa, ya karɓi fasfo ɗina ya nuna mini titi da haɓa. Ya ce shugul na nan da yawa, in je in nema. Shugul shi ne aiki. Kalmar da na fara koya ke nan.

Aziziya ce ta fara karɓa ta. Kasuwar kayan gwari ce, sai ka gaji da tafiya ba ka fita daga layin albasa ba. Dako na yi, shekara uku. Kafili bai sabunta mini iƙama ba, katin zaman ƙasar, wanda in babu shi kai ba mutum ba ne, kayan fasa-ƙwauri ne. In aka ce jawazat sun shigo, masu kama marasa takarda, sai kowa ya kama gabansa. Na taɓa yin rabin yini a cikin motar sanyi tsakanin kwalayen tuffa. Wani ɗan Yaman mai rumfa ne ya rufe ni ciki, shi ya buɗe ni, ya miƙo mini shayi mai zafi. Bai tambayi sunana ba, ban tambayi nasa ba.

A unguwar Jaradiya nake kwana, mu tara a ɗaki ɗaya. Nan na haɗu da Lawali, mutumin Maraɗi. Shi Bakatsine, ni Bahaɗeje, an san wasan da ke tsakaninmu. Tun ranar farko ya ce Allah ya kawo masa bawa har Saudiyya. Shekarar da hukuma ta ba da damar gyara takardu, shi ya ja ni zuwa kamfanin shara da yake wa aiki, aka mayar da sunana can. Na riƙe kati mai hotona, na yi tafiya a titi ban waiwaya ba. Wanda bai yi shekara uku yana gudu ba, ba zai gane abin da zan faɗa a gaba ba. Ban kuma ce dole ya gane ba.

Kamfanin ya tura mu wani bene a unguwar Ulayya, hawa talatin da huɗu, duk ofisoshi. Mu biyu aka ba saman ginin. Can ne injunan da ke sanyaya benen suke, ga tankunan ruwa, ga tsakuwa an shimfiɗa, ga katanga iya ƙirji kewaye da wurin. Aikinmu kashin tantabara. Yana toshe injuna, yana cin ƙarfe. Mu kankare da shebur, mu wanke da mesa, gobe mu tarar da sabo.

Mudirin ginin, wato manajansa, Abu Rakan, dogo ne mai farin gemu kaɗan, ba ya ɗaga murya. Sunana Haladu, shi Halid yake ce mini. Doka ɗaya ya kafa mana a ranar farko.

"Ba tsuntsu, ba sheƙa, ba ƙwai. Wanda na samu sheƙa a wurinsa, kamfaninku ba zai sabunta masa iƙama ba. Kun ji?"

Muka ce mun ji.

A gida kiwon tantabara nake yi. Na san mai kwanci, na san wadda za ta gudu, na san ɗan shilar da zai rayu tun yana jajir. Yanzu ga ni duk Alhamis ina bin loko-loko ina fasa ƙwai. Na fasa. 'Yan shilar da muka samu kuwa Lawali ke sa su a leda, mu kai Jaradiya a yi farfesu. Haka muka yi shekara guda.

A ƙarshen sanyi na biyu muka fara tsintar abin mamaki. Fikafikan tantabara biyu a haɗe, babu gangar jiki. Kai shi kaɗai a kan tanki. Gashi an fige an zubar wuri ɗaya, kamar aikin mai tsire.

Lawali ya ce, "Kyanwa ce."

Na ce, "A hawa na talatin da huɗu? Lif ta hau?"

"To aljanu ne. Ku Haɗejawa kun taho da naku."

Kwana uku bayan haka ina riƙe da mesa na ji ƙara a saman kaina, kamar an yaga sabuwar shadda. Kafin in ɗaga ido wani abu ya wuce. Tantabarar da ke tafe daga wajen masallaci ta fashe a iska, gashi ya watse. Abin ya yi kwana, ya dawo ya cafe ta kafin ta faɗi ƙasa, ya kai ta kan ƙarfen allon sunan ginin. Na tsaya ruwa na zuba a takalmina. Shaho ne. Amma ba irin namu mai satar 'yan tsaki ba. Bayansa toka-toka, ƙirjinsa fari da ɗigo, ƙeyarsa da ɗan ja, ga baƙin zane ya sauko ta gefen ido kamar saje. Na sha ganin shaho ya fyauce abu a ƙasa. Ban taɓa ganin wanda ke faɗowa daga sama kamar dutse ya kashe a iska ba.

Washegari suka zama biyu, babba da ƙarami. Na ce babban ne namiji, don haka yake a kaji, haka yake a tantabaru. Lawali ya ce ƙaramin ne, ba don ya sani ba, don dai ya saɓa mini. Muka yi sharaɗi, wanda ya faɗi zai wanke tukunya mako guda.

Daga nan hutun azahar ya daina zama hutu. Sai in yi salla, in ɗauki gurasata in zauna a bayan tanki, inda akwai 'yar kafa tsakanin bututu biyu. Na ga suna hawa sama tare har su zama ɗigo, su sulalo ɗaya na bin ɗaya, su ratsa tsakanin benaye, su sake hawa. Ba farauta suke ba. Na ga ƙaramin ya zo da tantabara yana kuka, babban ya taso ya shiga ƙarƙashinsa, ya juya rigingine a iska, ƙafafu sama, ƙaramin ya saki, babban ya cafe. Sau huɗu na ga haka kafin in yarda da idona. Na ga sun sauka a wani lungun siminti da ke bayan allon, ƙasa da katanga da kamar kamu biyu, sun fuskanci juna, sun sunkuyar da kai har ƙasa suna wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa, kamar surukai na gaisuwa ba wanda ke son ya riga ɗagowa.

Ranar wata Talata ƙaramin ya taka babban a kan ƙarfen allo. Na wanke tukunya mako guda.

Lawali ya ce, "Ka gani, bawana? Macce ta hi shi girma, shi ka kawo abinci, ita ka amshewa. Daidai gidanka."

Shekara biyar ke nan ban ga gidan nawa ba. Ranar Juma'a na kira matata Hansatu, na ba ta labarin yadda ake miƙa tantabara a iska. Ta ce, "Malam, kallon tsuntsu ka tafi yi?" Na ce aiki ne ya haɗa. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, rufin ɗakin baya dai na nan yadda na bar shi.

Na zuba ido in ga sun fara ɗiban kara. Ba su ɗiba ba. Macen ta kwanta da ƙirji a cikin ƙura da tsakuwar da iska ta tara a lungun, ta tura ƙafafu baya, ta yi ɗan gurbi kamar tafin hannu. Shi ke nan ginin. Alhamis ta zagayo, ranar fasa ƙwai. Na ɗaura igiyar aiki a ƙugu, na leƙa ta kan katanga. Ƙwai uku, ja-ja kamar an shafa musu jan ƙasa, a kan tsakuwa tsirara. Ƙarƙashinsu titi, motoci kamar tururuwa.

Shebur na hannuna. Ban miƙa shi ba.

Lawali ya leƙa, ya ja baya. "Fasa su mu tahi."

"A'a."

"Don mi?"

"Ina so in ga abin da zai fito."

"Abin da za ya hito shi ne takardar komawarka gida. Yaushe iƙamarka ka ƙarewa?"

"Yuni."

"Yanzu muna Maris. Ni dai ban ga komi ba. In an tambaye ni, makaho ne ni tun daga Maraɗi."

Ba tausayi ba ne, kada a ba ni ladan da ban yi aikinsa ba. Na fasa ƙwai fiye da yadda zan iya tunawa. Waɗannan dai ban taɓa ganin irinsu ba, kuma na san in na fasa ba zan ƙara gani ba. Duk yamma in na sauka ofishin Abu Rakan ya ce, "Sama fa?" sai in ce, "Tsaf." Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, don haka ba na daɗewa a gabansa.

Kwanci suke yi bi da bi. Macen ta fi daɗewa. In namijin ya kawo nama sai ta tashi ta tafi ci, shi ya hau. Jikinsa bai isa ya rufe uku ba. Ya tura wannan ciki, wancan ya fito, ya juya, ya sake turawa. In ta dawo ba ya son tashi. Sai ta tsaya a kansa tana kallonsa har ya ji kunya.

Sai zafi ya shigo. Wanda bai san zafin Riyad a kan siminti ba bai san zafi ba. Rana na bugun lungun tun hantsi. Na ga macen ta daina kwanciya, ta tsaya a kan ƙwan ta buɗe fikafikai tana yi musu inuwa, baki a hangame, maƙogwaro na rawa. Na kwana biyu ina kallon haka, abin ya dame ni. A gida ba a barin tantabara ta yi kwanci a fili. Kasko ake sa mata, a zuba ciyawa, a kai inuwa, ta bi ƙwanta ta kwanta. Na yi wa ɗaruruwa haka. Na ce tsuntsu tsuntsu ne.

Ranar hutu na je Aziziya na samo kwalin lemo mai ƙarfi da ciyawar da ake shimfiɗa wa kankana. Na yanke masa ƙofa. Na jira lokacin da namijin ke kai, don shi matsoraci ne. Ina leƙawa ya tashi. Na sauke kwalin a gefen inuwa, na ɗauki ƙwan ɗaya-ɗaya, da ɗuminsu, na jera a kan ciyawa. Na koma bayan tanki ina jin na yi abin kirki.

Macen ta dawo. Ta sauka a tsohon gurbin, ta dubi tsakuwa, ta tona da baki. Ta dubi kwalin, ga ƙwanta tana gani ta ƙofa, ba ta matsa ba. Ta tashi ta zagaya benen tana kuka, ta dawo, ta kwanta a kan gurbin da babu kome. Na ce za ta saba. Hantsi ya wuce. Aka kira azahar. Tana nan a kan tsakuwa.

Lawali ya ce, "Haladu, wagga ba tantabara ba ce. Maida mata kayanta."

Ranar ce kaɗai ya kira ni da sunana. Na mayar. Ko komawa bayan tanki ban yi ba ta sauka, ta jawo su da baki ƙarƙashin ƙirjinta. Kwalin kuwa na cusa shi a bayan ƙarfen allo, na ce gobe zan ɗauke, kada in sake tayar da ita.

Kafin goben iska ta taso. Kwalin ya sauka hawa talatin da huɗu ya faɗi a bakin ƙofar shiga, gaban masu gadi, ciyawa ta watse a kan marmara. A ginin nan ko ƙusa ta faɗo daga sama magana ce.

Abu Rakan bai taɓa hawowa sama ba sai ran nan. Ya fito daga ƙofar matakala da farar riga, kwalin a hannunsa.

"Mene ne wannan, ya Halid?"

Lawali ya ci gaba da kankare wurin da ya riga ya kankare.

"Ƙofa ce wannan ka yanke. Wa ka gina wa gida a kan benena?"

Macen ce ta amsa masa. Ta taso daga bayan allo tana wannan kuka nata mai kamar ana goga ƙarfe, ta yi sama ta tsaya a iska. Abu Rakan ya ɗaga kai. Kwalin ya sulale daga hannunsa.

Ya ce, "Shahin." A hankali, kamar mai kiran sunan wanda ya rasu.

Na nuna masa kafar bayan tanki. Ya tsuguna a cikin ƙura da farar rigarsa, ya fi rabin sa'a bai motsa ba. Wayarsa ta yi ta ƙara ya kashe. Da ya fara magana ba da ni kaɗai yake ba. Ya ce mahaifinsa a sahara ya girma, da irin wannan tsuntsu yake farauta, kuma a duwatsun yamma da gari suke haihuwa, bai taɓa jin sun hau bene ba. Ya ce macen ita ce abin nema, namiji ɗan aike ne. Na faɗa masa abin da na yi da kwali. Ya dube ni kamar na zuba wa raƙumi miya.

"Shahin ba ya shiga ɗaki, ya Halid. Ba ya kwana inda ba ya ganin sama."

Na ce yanzu na sani.

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Kada kowa ya ji. Masu wankin gilashi ba za su sauka ta wannan gefen ba, zan hana. Kai za ka tsare su. In sun ƙyanƙyashe, sun yi gashi, kafin su tashi, ka sauko mini da su." Ya kai ƙofa ya juyo. "Iƙamarka Yuni ne, ko?"

Na ce Yuni ne. Ya fita. Ba ya bukatar ƙara kome.

Washegari ya aiko mini da madubin hangen nesa, tsoho, fatarsa ta goge. Na mahaifinsa ne. Ban san yadda zan auna mutumin nan ba, har yau ban sani ba.

Biyu suka ƙyanƙyashe. Na ukun ya zauna a gefe har ya dushe, wata rana ta mirgina shi waje. Na san abin da ya kashe shi, ba sai an faɗa mini ba.

Da madubin nan na ga abin da ko a tantabaruna ban taɓa tsayawa na gani ba. 'Ya'yan fari fat kamar auduga, kai ya fi jiki nauyi. Uwar da ke fasa tantabara a iska, in za ta matso kusa da su sai ta dunƙule faratanta tana takawa kamar mai ciwon ƙafa. Ta yago nama ɗan mitsitsi, ta karkata kai, ta miƙa. In ya yi girma ta haɗiye ta yago wani. Uban kuwa ba hutu. Tantabara, kurciya, wani lokaci tsuntsun da ban san sunansa ba. Abin da ya ragu ya ɓoye a bayan harafin allo, kamar mai ajiyar tuwon ɗumame. Kashin tantabara ya ragu a sama har Lawali ya ce in aka ci gaba haka shaho zai karɓi aikinmu, kuma shi ba ya neman iƙama.

A mako na uku bambanci ya fito. Ɗaya ta yi girma, ƙafafu kamar na uwar, ba ta ƙoshi. Ɗayan ƙarami, ba ya zama wuri ɗaya. Lawali ya sa wa babbar Bahaɗejiya saboda ci, ƙaramin Bakatsine saboda wayo. Ni ban sa musu suna ba. Mai kiwo ba ya sa wa abin da zai fita hannunsa suna.

Abu Rakan ya fara tambaya. "Sun isa?"

"Tukuna."

Gaskiya ce a lokacin. Amma ina ganin wani abu. Ƙaramin ya riga ya zubar da farin gashi. Ya riga ya fara gudu daga wannan ƙarshen lungu zuwa wancan. Yana kama bakin siminti da farata ya yi ta kaɗa fikafikai har ƙura ta tashi, ita kuwa tana zaune da sauran auduga a ka tana jiran abinci. Na gane zai riga ta tashi, da kwanaki, ban san nawa ba. In na sauko da su yau, biyu ne. In na jira ya tafi, ɗaya ce. In na yi kuskuren lissafi suka tafi tare, ni ma na tafi.

"Sun isa, ya Halid?"

"Bukra, in sha Allahu." Wato gobe.

Lawali ya ce, "Shekara biyar Larabawa suna yi maka bukra, yau ka iya ta. Amma bawana, wuyanka kake wasa da shi. Ka ba shi abinshi. Tsuntsu na da sama, kai mi gare ka?"

Na ce, "Kwana biyu."

Kwana biyun suka zama biyar. Bukra ta ƙare mini. A na biyar ɗin Abu Rakan ya ce gobe bayan azahar zai hawo da mutuminsa, su ɗauka da kansu.

Da safe muna hawowa na tarar da uwar a kan ƙarfen wani bene da ke tsallaken titi, da tantabara a ƙafa, tana kuka, ta ƙi kawowa. Tun jiya ba ta ba su kome ba. Ƙaramin na bakin siminti yana kuka yana kaɗawa. Ya sunkuya, ya fasa. Ya sake sunkuyawa. Ban ga lokacin da ya yanke shawara ba, ina jin iska ce ta yanke masa. Ya faɗa. Ya yi ƙasa hawa biyar, hawa goma, fikafikai na dukan iska barkatai, ni kuma na manta da numfashi. Sai iskar ta shiga ƙarƙashinsa. Ya miƙe, ya tsallake titin a karkace, ya daki rufin wancan benen da ƙirji, ya mirgina, ya tashi tsaye yana duban ko'ina kamar ba shi ba.

Lawali ya ce, "Bakatsine ya tsira." Ya share ido da hannun riga ya ce ƙura ce.

Ban jira azahar ba. Na ɗaura igiya, na sa hular kwano, na ɗauki tawul. Lawali ya riƙe igiyar. Na zura rabin jikina ta kan katanga. Babbar ta ja baya har bango, ta kwanta rigingine ta nuna mini farata, baki a buɗe. Na jefa mata tawul. Ban ji zuwan uwar ba. Na ji dai kamar an maka mini bulo, hular ta karkace. Ta biyu ta same ni a bayan kunne, jini ya bi wuyana. Na naɗe tawul ɗin na ce wa Lawali ya ja.

A cikin lif zuciyar 'yar shahon na bugawa a tafin hannuna, sauri-sauri. Ba ta yi kuka ba. Na sha ɗaukar tsuntsu zuwa kasuwa, na san yadda ake riƙewa.

Abu Rakan ya buɗe tawul ɗin kaɗan, ya duba ƙafafu, ya duba ido, ya yi bisimilla. Sannan ya dube ni.

"Ɗayan fa?"

"Ya tashi da safe."

"Namijin."

"Shi."

"Ka san zai tashi, ko ba ka sani ba?"

Jini na ɗiga a kan kafet ɗinsa. Na ce, "Na sani."

Ya zaro takardar goge hannu daga kwali a kan tebur ya miƙo mini. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Je ka a ɗinke maka."

Kafin Yuni ya ƙare katina ya fito. Direban mudir ya ce mana an kai ta gonarsa a bayan gari, ɗakinta da na'urar sanyi, an sa mata zobe a ƙafa da hular fata mai rufe ido, har takarda ana nema mata. Lawali ya ce to Bahaɗejiya ta samu kafili, Allah ya sa ya fi nawa na farko. Na mayar da madubin. Abu Rakan ya ce in riƙe, na ce na gama da shi.

Ban gama ba, da ido na ci gaba. Sun yi kusan wata biyu a unguwar. Na ga uwar ta hau sama da tantabara ta saki, ƙaramin ya bi ya kuskure, uban ya cafe a ƙasa ya sake hawa da ita, aka sake saki. Ranar da ya fara kamawa da kansa ina wurin.

Amma daga ranar tawul, duk lokacin da na fito daga ƙofar matakala, ko ina uwar take, sai ta zo kaina. Ba ta taɓa Lawali. Masu gyaran injuna su hawo su yi yini, ko kallonsu ba ta yi. Ni kaɗai. Lawali ya ce rigar ce, muka yi musaya, ya sa tawa na sa tasa, har hula. Ya fita shi kaɗai ya zagaya, ya tsaya a bakin katanga yana waƙa. Tana kan allo tana gyaran gashi. Na sa ƙafa ɗaya waje, ta ɗago kai.

Lawali ya ce, "Ta san ka. Ka ɗauki sanda mana, ko shebur, ka kore ta sau guda ta bari."

Na ce a'a. Na ja igiyar hular na ɗaure a haɓa, na ɗauki mesa, na sunkuyar da kai na fita aiki.